MATAMBAYI BA YA ƁATA: Yadda ɗan Zariya zai sami mai kama masa hannu a Wikipedia

Ran nan da yamma, bayan mun tashi daga ajin yaƙi da jahilci da muke koyarwa, sai wani saurayi daga cikin masu taya mu aikin ya tsaya a bakin ƙofa, ransa a ɓace, yana jujjuya wayar salula a hannu. Yaron ɗan cikin birnin Zariya ne, gidansu ba nisa da Ƙofar Kuyambana. Ya ce, "Malam, don Allah duba abin da aka yi mini. Kwana uku na yi ina rubuta labarin Babban Gwani a Wikipedia ta Hausa, yadda kakana ya faɗa mini da bakinsa. Yau na duba, an cire fiye da rabi. Ni kam na bar musu abinsu."

Da muka karɓi wayar muka duba a tsanake, sai muka ga ashe wanda ya cire rubutun bai tafi haka kawai ba. Ya bar wa yaron saƙo a shafinsa na tattaunawa, ya yi masa barka da zuwa, ya ce labarin ya yi daɗi, amma a wane littafi ko wace jarida za a same shi? Har ya ƙara da cewa in yana da tambaya ya rubuta a nan ƙasa, za a amsa masa. Kwana biyu saƙon yana jiransa, shi kuwa bai ma san da shafin ba. Kuskuren namu ne mu duka, don mu ne muka zuga shi ya rubuta, alhali ba mu nuna masa inda ake tambaya ba.

Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani a wannan mako. Mun tabbata akwai samari da 'yan mata da yawa a Kwarbai, da Ƙaura, da Limancin Kona, da Tudun Wada, da Wusasa, waɗanda suka taɓa gwadawa sau ɗaya, aka gyara musu, suka yi zuciya suka bari. Duk wanda ya bari kuwa, da shi da abin da ya sani game da garin nan aka yi asara.

MENE NE WIKIPEDIA?

Wikipedia wani babban kundin sani ne da ke kan intanet, wanda a shafinsa na Hausa ake ce masa insakulofidiya ta kyauta. Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka fara shi a ƙasar Amurka ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma tun 2003 wata gidauniya mai suna Wikimedia ke ɗaukar nauyin na'urorinsa da gudummawar jama'a. Yau ana rubuta shi da harsuna fiye da 300. Na Turanci ya haura maƙala miliyan 7 a shekarar 2025, na Hausa kuwa yana da dubun dubata, yana kuma ƙaruwa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, gidauniyar ba ta ɗauki ma'aikatan da ke rubuta maƙalolin ba. Masu sa kai ne ke yi, malamin makaranta, da ɗalibi, da tela, da ma'aikaciyar asibiti, kowa a lokacin da ya samu. Wanda ya gyara wa yaronmu rubutu ma irinsu ne, ba wani hakimi ba ne da ke zaune a ofis.

Yau in yaro ɗan sakandare yana son sanin wane ne Babban Gwani, ko ƙofofi nawa ne a ganuwar Zazzau, wayar da ke aljihunsa zai fara tambaya kafin ya tuna da kakansa. Abin da wayar za ta nuna masa kuma, sau da yawa daga wannan kundi ta ɗebo shi. In abin da ke ciki gurgu ne, to, gurgun zai haddace, ya kuma koya wa na bayansa.

BA YAU ZARIYA TA FARA RUBUTUN TARAYYA BA

Wani zai ce rubutun da kowa ke sa hannu a ciki baƙon abu ne. Mu a Zariya bai kamata mu faɗi haka ba. A nan garin Hukumar Talifi ta zauna a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ce kuma ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Littafin Jiki Magayi kuwa mutum biyu ne suka haɗu suka rubuta shi, John Tafida na Wusasa da shi East ɗin. Abubakar Imam kansa ya zo Zariya ya zauna, yana rubutu ana dubawa ana ba shi shawara, har Magana Jari Ce ta kammala. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi ne editanta na Hausa, kuma wasiƙun da masu karatu ke aikowa daga ko'ina a Arewa sai an duba an gyara kafin su hau shafi. Bayan nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, sannan hukumar NORLA a shekarun 1950, wadda ta wadata azuzuwan yaƙi da jahilci da ƙananan littattafai.

Duk cikin waɗannan manya ba wanda ya ɗauki gyara a matsayin zagi. Sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bambancin kawai shi ne, a zamaninsu sai ka taka zuwa Tukur-Tukur kafin ka ga mai gyara, yau kuwa yana cikin wayarka, sai dai ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

ƘOFOFIN NEMAN TAIMAKO

Kafin komai, a buɗe asusu. Kyauta ne, kuma ba dole ba ne mutum ya sa sunansa na yanka, laƙabi ma ya isa. Amfanin asusu shi ne yana ba ka shafin tattaunawa naka na kanka, wanda yake kamar zauren gidanka. A nan duk mai magana da kai zai yi sallama ya bar saƙo, kuma za ka ga alama a saman shafi in saƙo ya shigo. Wannan ita ce ƙofa ta farko, ita ce kuma yaronmu bai sani ba.

Ƙofa ta biyu ita ce tarihin maƙala. Kowace maƙala tana da wurin da ake duba tarihinta, inda aka jera duk wanda ya taɓa ta, da rana, da sa'a, da abin da ya ƙara ko ya rage, sau da yawa har da dalilinsa a taƙaice. Gyaran da aka yi maka ba ya shafe rubutunka daga wannan tarihi. Da muka buɗe, sai ga kalmomin yaron nan duka suna nan, ba ko ɗaya da ta ɓata. Daga nan kuma ake ganin sunan wanda ya yi gyaran, a latsa a je zaurensa a tambaye shi.

Ƙofa ta uku ita ce shafin tattaunawa na ita maƙalar. In ka ga an rubuta wani abu game da Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan wanda ka san ba haka yake ba, amma ba ka da ƙarfin zuciyar gyarawa, sai ka rubuta a nan cewa ga abin da ka gani, ga kuma littafin da ya faɗi daidai. Wani zai gani ya gyara, ko ya nuna maka yadda za ka yi da kanka.

Ƙofa ta huɗu ita ce shafin gwaji. Kowane mai asusu yana iya buɗe wani shafi a ƙarƙashin sunansa inda zai yi ta rubutu yana gogewa, kamar allon ɗan makaranta, sai abin ya nuna sannan ya kai shi cikin kundi. Yana kuma iya roƙon wani tsohon hannu ya leƙa ya duba masa tukuna. Da yaronmu ya fara daga nan, da bai kwana da baƙin ciki ba.

Ga wanda ke jin Turanci, Wikipedia ta Turanci tana da wani wuri da ta buɗe a 2012 musamman don sababbin shiga, ana ce masa Teahouse, wato ɗakin shan shayi, inda ba a raina tambaya komai ƙanƙantarta. Ga mu masu Hausa kuma akwai ƙungiyar masu sa kai da ake kira Hausa Wikimedians User Group, wadda ke shirya tarurrukan koyarwa da gasar rubutu. Duk wanda ya ji an yi shelar irin wannan taro kusa da shi, ya daure ya je da wayarsa da caji, don abin da mutum zai yi mako yana lalube shi kaɗai, na kusa da shi zai nuna masa kafin shayi ya huce.

Muna jan kunnen jama'a a kan abu ɗaya. Duk taimakon nan kyauta ne. In wani ya ce ka biya shi kuɗi ya sa sunanka ko na mahaifinka a Wikipedia, ya kuma yi maka alkawarin ba za a taɓa cirewa ba, to, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Tun 2014 dokar gidauniyar ta wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi rubutu ya bayyana haka a fili, kuma rubutunsa ba shi da wata kariya da ta fi ta kowa.

LADABIN TAMBAYA

Tambaya ma tana da ladabi. A yi sallama, a faɗi sunan maƙalar, a faɗi abin da aka yi da abin da ya biyo baya, sannan a yi tambaya guda ɗaya bayyananniya. Wanda ya rubuta, "Me ya sa kuke cire mini abu?" da wuya ya sami amsar da za ta amfane shi. Ga yadda muka sa yaronmu ya rubuta: "Salamu alaikum, Malam. Na gode da saƙonka. Labarin daga bakin kakana na ji shi. Wane irin littafi ne zai isa hujja, kuma yaya ake saka shi?" Washegari da safe amsa ta zo, da misali a ciki.

A kuma yi haƙuri, don mai amsawa yana da nasa aikin da iyali, yana iya kwana biyu bai leƙo ba. Abin da ya fi muni shi ne mutum ya mayar da rubutun da aka cire, a sake cirewa, ya sake mayarwa. Wannan ja-in-ja ce da ake iya dakatar da mutum a kanta, ko da kuwa shi ne mai gaskiya. Ɗaya daga cikin ƙa'idodin wurin ita ce a kyautata wa juna zato, wato ka ɗauka wanda ya gyara maka gyara yake nufi, har sai ka ga akasin haka ƙuru-ƙuru.

DUWATSU UKU DA AKE TUNTUƁE DA SU

Dutse na farko shi ne rashin madogara. Wikipedia ba ta karɓar magana don kawai gaskiya ce a wurin mai faɗinta, sai an nuna inda wani zai je ya duba ya tabbatar. Shi ya sa a ƙasan maƙala ake ganin sashen manazarta. A nan kuwa Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. A Kaduna akwai Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa. Mai son rubutu a kan sarautar Zazzau da gidajenta huɗu, wato Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa, ga littafin M. G. Smith na 1960, Government in Zazzau. Mai son ginin gargajiya ga Hausa Architecture na J. C. Moughtin, na 1985. Don al'amuran yau kuma, rahoton Aminiya ko na sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, yana zama hujja. A rubuta sunan littafi, da marubuci, da shekara, da lambar shafi tun ana ɗakin karatu, kada a dogara da ƙwaƙwalwa.

Dutse na biyu shi ne son kai a cikin rubutu. Yaronmu ya rubuta cewa ba a taɓa yin magini kamar Babban Gwani ba, ba kuma za a yi ba. Kirari ne mai daɗi, amma muhallinsa bakin maroƙi. Abin da kundi ke so shi ne a ce Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya hau gadon sarauta a 1834, sannan a kawo abin da masana gini suka faɗa game da bakan gizon da ke ɗauke da rufinsa. Mai karatu da kansa zai gane gwanintar. In kuma masana sun saɓa, a kawo duka ɓangarorin. Misali, Tarihin Kano ya ambaci Sarauniya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438, alhali wasu masana suna sa ta a ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Mai rubutu ba alƙali ba ne a nan, aikinsa ya ce wane ya ce kaza, wane kuma ya ce kaza. Saboda wannan dalili ne ma ake hana mutum ya rubuta a kan kansa, ko maigidansa, ko ƙungiyarsa, don ido ba ya ganin kansa.

Dutse na uku shi ne kwafe. Ba a ɗauko shafin littafi ko labarin jarida a zuba shi yadda yake, domin yana da mai shi. A karanta, a rufe littafin, a faɗa da kalmomin kai, sannan a nuna inda aka samo. Haka hoto, wanda ka ɗauka da hannunka shi ne naka. Wanda ka tsinta a Facebook ko WhatsApp na wani ne.

TO, MAGANAR KAKA FA?

Nan ne yaron ya yi mana tambayar da ta fi kowace nauyi. Ya ce, "Malam, ashe ke nan abin da Baba ya sani ba shi da daraja sai Bature ya rubuta?" Ba mu raina tambayar ba, don ba shi kaɗai ya taɓa yin ta ba. A 2011 wani ɗan Indiya mai suna Achal Prabhala ya yi wani aiki a Indiya da Afirka ta Kudu don nuna yadda za a iya kafa hujja da maganar baka, amma har yau ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta abin da aka wallafa. Gaskiya ne wannan yana tauye al'ummar da yawancin iliminta ke cikin ƙirjin tsofaffi.

Amma akwai hanya, kuma a ƙasar Zazzau aka taɓa bin ta. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Yau duk duniya ana kafa hujja da maganar wannan tsohuwa, don an rubuta, an buga. Saboda haka mai kaka ya ɗauki muryarsa a waya da izininsa, ya rubuta rana da wuri, ya mayar da ita rubutu, ya kai wa jarida, ko gidan rediyo, ko malaman tarihi da na Hausa a jami'a. Ran da aka wallafa, ta zama madogara. Ko ba a wallafa da wuri ba, an tsirar da ita daga kabari. Maɗinkan babbar riga na cikin birni masu aska takwas, da marina, da magina, da dukawa, duk suna da abin faɗi, kuma kullum raguwa suke yi.

Hoto kuma ba ya jiran littafi. Akwai rumbun hotuna na Wikimedia Commons, wanda aka buɗe a 2004, inda kowa ke iya saka hoton da ya ɗauka, kuma tun 2014 ake gasar Wiki Loves Africa. Abin da ya rage na ganuwa yana zaizayewa kowace damina. Wanda ya ɗauki hotonsa bana, ya rubuta wuri da rana, ya ajiye wa jikoki shaida. Sai dai a nemi izini kafin a ɗauki mutum ko cikin gidansa.

KAI MA KANA DA ABIN BAYARWA

Kada mai karatu ya zaci sai mai digiri ke da amfani a wannan aiki. Tun 2015 akwai wata na'urar fassara a cikin Wikipedia da ke taimaka wa mai juyo maƙala daga wani harshe, amma in aka bar inji shi kaɗai, Hausar da yake fitarwa takan zama ba kai ba gindi. Wani lokaci kuma a rubuta ba ƙugiya, alhali kowa ya san bari daban, ɓari daban, haka kafa da ƙafa. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, tun shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, kuma yau ana samunsu a allon rubutun waya in aka zaɓi Hausa. Tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, ko uwar da ta ƙware a karatun Hausa, in suka gyara jimla biyar a rana sun yi babban aiki. Saurayi ya riƙe waya, dattijo ya riƙe harshe, kowa ya taimaki ɗan'uwansa. Mu ma shawararmu ga sabon shiga ita ce ya fara da irin wannan ƙaramin gyara na mako biyu ko uku kafin ya ɗauki sabuwar maƙala.

Shi dai yaronmu ya hau mota ya tafi Samaru ranar wata Asabar, ya dawo da shafi biyu na abin da ya rubuto da lambobin shafuka. Ya mayar da jimla huɗu cikin maƙalar, kowace da madogararta, ba wanda ya taɓa su. Sauran labarin kuma yana ɗauka a waya, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in tsohon ya zauna a zaure. Da ya fara, tsohon ya dube shi ya ce, "Kai yaro, shekara nawa ina ba ku labarin nan kuna gyangyaɗi, yau kuma har da na'ura?" Ya ce, "Baba, da ban san zai ƙare ba."

Muna roƙon malaman makarantu, da shugabannin matasa, da masu unguwanni, su ware ko da yamma ɗaya a wata, a taru wuri guda da waya da littafi, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Wanda kuma aka taɓa yi wa gyara ya yi fushi, ya koma ya buɗe shafinsa na tattaunawa, wataƙila akwai saƙon da ke jiransa har yanzu. Allah ya ba mu haƙurin tambaya da ladabin karɓar gyara, amin.